An ɗora ni a kan wanda ya koya mini aiki, yaya zan yi?

Baban Hanif, Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da damuwar da nake so a taya ni dubawa, don na san a cikinmu akwai manyan da suka ga jiya suka ga yau. Ina aiki a wani kamfani da ke sayar da kayan noma a nan Zariya, taki da iri da maganin feshi. Shekarata 6 a sito. Wata uku da suka wuce aka kira ni ofis aka ce daga yau ni ne shugaban sashen, mutum 9 a hannuna, ban da 'yan dako da muke ɗauka idan mota ta zo. Na yi murna, gida ma an yi murna, amma wallahi tun daga ranar barcina ya ragu.

Akwai wani dattijo a cikinmu, Baba muke ce masa. Shi ya koya mini jera buhu a kan katako don kada taki ya sha danshi, shi ya koya mini cike katin kaya. A haife ya haife ni. Kowa ya ɗauka shi za a ba, sai aka ba ni saboda ina da takarda kuma na iya kwamfuta. Tun daga nan gaisuwa kawai ke haɗa mu. Yakan zo a makare, in na yi magana sai ya ce "to, ranka ya daɗe", da wata irin murya da ni kaɗai na san abin da take nufi. Ga kuma abokaina biyu da muke cin abinci kwano ɗaya, yanzu in na sa su aiki sai su mai da shi wasa.

Da na ga haka sai na koma yin komai da kaina. Ni ke buɗe sito, ni ke rufewa, ni ke ƙirga, ni ke shigar da lissafi. Duk da haka makon jiya tirela ta kawo buhu 600, da aka zo lissafi sai aka ga babu 4, manaja ya kira ni ya yi mini faɗan da ban taɓa sha ba. Ga damina ta kama, manoma daga Giwa da Soba da Maƙarfi sun fara tururuwa. Don Allah ina tambaya: shugabancin nan koyonsa ake yi ko da shi ake haihuwar mutum? In koyo ake yi, a ina?

Ɗan Samaru:
Wa alaikumus salam. Da farko ina taya ka murna, Allah Ya taya ka riƙo. Amma abokina, zan gaya maka gaskiya ko da ba ta yi daɗi ba: kai ne ka bari aka raina ka. Wurin aiki ba gidan suna ba ne. Wanda ya makara sau uku ka rubuta masa takardar tuhuma, ka ba shi awa 24 ya amsa, ka sa kwafi a fayil ɗinsa. Mutum ɗaya za ka yi wa, sauran su shiga taitayinsu. Sabo da kaza ba ya hana yanka ta. In ka tsaya kunyar furfura, kai za a kora, shi kuma yana nan zaune.

Maman Sadiq, Hanwa:
Ɗan Samaru, a'a. Wannan shawarar in ya bi ta gobe, ya rasa sashen nan gaba ɗaya. Ni ma'aikaciyar jinya ce, shekara 11 ke nan ina riƙe da ɗakin marasa lafiya a wani asibiti, kuma ranar da aka ba ni akwai mata biyu da suka riga ni fara aiki da fiye da shekara goma. Irin shawararka na bi a farko. Na rubuta wa ɗaya takarda a kan makara. Ka san abin da ya biyo baya? Ta daina makara, amma kuma ta daina gaya mini komai. Maganin da ya kusa ƙarewa a kabad, ta gani ta yi shiru. Majinyacin da ta lura jikinsa na sauyawa, sai ta rubuta a takarda kawai ta wuce, alhali da can da baki za ta zo ta ja hannuna. Takarda tana kawo mutum wurin aiki ƙarfe 8, amma ba ta sa shi ya ba ka abin da ke cikin kansa, kuma abin da ke cikin kan tsohon ma'aikaci shi ne rabin aikin.

Ban ce a jefar da takardar tuhuma ba. Tana da ranarta. Amma a ce ita ce kalmar farko tsakanin yaro da wanda ya koya masa aiki, wannan a Zazzau ba a yi. Baban Hanif, ƙanena, ka taɓa zama da dattijon nan ku biyu tun da aka yi maka ƙarin girman?

Baban Hanif, Tudun Wada:
Gaskiya Anti ban taɓa ba. Nauyinsa nake ji. Ban san ta inda zan fara ba.

Maman Sadiq, Hanwa:
To ka ga inda gizo ke saƙar.

Tsohon Akawu, Gyallesu:
Salamu alaikum. Jikana ne ya karanta mini wannan magana, na ce ya ba ni wayar in sa baki. Na yi aikin gwamnati shekara 35 cif kafin in yi ritaya, daga ƙaramin akawu har na riƙe sashe, saboda haka abin da yaron nan ke faɗa ba baƙo ba ne a wurina.

Ɗana, tambayarka ta ƙarshe zan fara amsawa. Koyonsa ake yi, kuma kana zaune ne a garin da aka daɗe ana koyar da shi. Wannan harabar ta Kongo da kuke wucewa kullum, a 1947 aka buɗe ta a matsayin makarantar horar da akawuna, daga baya ta zama Cibiyar Koyar da Harkokin Mulki, sannan ta shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962. Ma'aikatan En'e, wato hukumomin gargajiya na da, da alƙalai da jami'an mulki na Jihar Arewa nan aka riƙa kawo su kwas. Da a ce da shugabanci ake haihuwar mutum, me zai sa gwamnatin Sardauna ta riƙa kashe kuɗi tana ɗebo manyan mutane masu iyali daga Sakkwato da Borno da Ilori tana zaunar da su a aji?

Batun ƙuruciya kuma kada ya karya maka gwiwa. Marigayi Sarkin Zazzau Shehu Idris, Allah Ya jiƙansa, bai cika shekara 40 ba lokacin da ya hau gadon sarauta a 1975, kuma a fada akwai dattawan da suka girme shi nesa ba kusa ba. Ya yi shekara 45 a kai. Amma ka duba abin da ya gabaci hawan: ya yi koyarwa, ya yi sakataren Sarki Muhammadu Aminu, ya riƙe hakimci. Wato ya zauna kusa da mai yi yana kallo shekara da shekaru. Farfesa Ishaya Audu ma da ya karɓi shugabancin jami'ar nan a 1966, ɗan ƙasa na farko da ya riƙe ta, bai kai 40 ba.

Yanzu ga abin da nake so ka yi. Kada ka kira Baba ofis. Ka bari bayan sallar isha'i ka je gidansa, ka riƙe ɗan goro ko sukari, ka tuɓe takalmi ka zauna ƙasa kamar yadda za ka yi wa mahaifinka. Ka ce masa: Baba, ni ban nemi abin nan ba, an ɗora mini ne, kuma ba zan iya ba sai da kai. In har gaskiya ce a zuciyarka, ka faɗa. In ba gaskiya ba ce kada ka je, don tsoho yana gane daɗin baki tun kafin a rufe shi. A gida kai ɗa ne, a sito kai ne shugaba, kuma dattijon kirki ya san bambancin. Abin da ke cin ransa ba muƙamin ba ne kaɗai. Yana jira ne ya ga ko yaron da ya koya wa aiki ya manta.

Ɗan Samaru:
Baba Akawu, Allah Ya ƙara girma, ba gardama nake yi da kai ba. Amma zamaninku daban. Aikin gwamnati ne, albashi na zuwa ko an yi ko ba a yi ba, ƙarin girma kuma layi ake bi. Shi wannan kamfani ne na 'yan kasuwa. Manaja ba ruwansa da goro da sukari, buhu 4 ya sani. In aka sake samun gibi, daga albashin Baban Hanif za a cire. Sannan ina jin tsoron abu ɗaya: in ya je ya zauna ƙasa a gidan mutumin nan, gobe da wane baki zai ce masa ka makara? Mu matasa wannan kunyar ce ke kashe mu a wuraren aiki.

Tsohon Saje, Sabon Gari:
Ɗan Samaru yana da gaskiya a abu ɗaya, ba shi da ita a ɗaya. Ni soja ne, a Defo na nan Zariya aka horar da ni, na tashi daga kurtu zuwa las kofur zuwa kofur har saje. A soja babu wanda ake ɗora wa igiya a hannu a ce je ka yi shugabanci haka kawai. Kowane mataki da kwas ɗinsa, kuma mutum kaɗan ake fara ba ka, a ga yadda za ka yi da su kafin a ƙara. Don haka batun haihuwa da shi, ku bar shi. Na ga yara masu rawar murya da suka zama kwamandojin da ake bi cikin wuta.

Inda na yarda da shi: dole doka ta zama doka. Amma ba a fara hukunci sai an faɗi dokar a gaban kowa. Baban Hanif, ka taɓa tara mutanen nan tara ka ce ga lokacin zuwa, ga aikin wane, ga aikin wane, ga abin da zai biyo baya in an saɓa? In ba ka yi ba, ba ka da hurumin hukunta kowa. Ka tara su da safe, minti goma ya isa, a tsaye ma. Kuma dokar ta fara hawa kanka da abokan cin tuwonka kafin ta kai ga tsoho.

Abin da ya fi damuna a maganarka ma ba Baba ba ne. Cewa da ka yi kai ke buɗewa, kai ke rufewa, kai ke ƙirga, kai ke rubutawa. To su taran me suke yi? Ka karɓe musu aiki, ka bar su da zaman kallo, sannan kana mamakin sun mai da abin wasa. Mutum ɗaya ba ya ƙirga buhu 600 yana amsa waya yana sa hannu a takardar direba. Ka sa mutum ɗaya a bakin mota, ɗaya a ƙofar sito, kowa da takardarsa, duk buhu 50 su haɗa lissafi. Kai ka tsaya inda kake ganin su duka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Sai tambaya ɗaya. Da manaja ya kira ka a kan buhu 4, me ka ce masa?

Baban Hanif, Tudun Wada:
Yallaɓai, na ce masa yaran ne ba sa ba ni haɗin kai.

Tsohon Saje, Sabon Gari:
Kada ka sake. Ko da gaskiya ne. A gaban na sama, laifin sashenka naka ne, ka ce ni ne ban tsara ba, zan gyara. In ka dawo sai ka ja mai laifin gefe ku yi ta ku biyu. Yabo kuma in ya zo, ka kira sunan wanda ya yi aikin a gaban manaja. Kana zaton maganar da ka faɗa a ofis ba ta dawo kunnensu ba? Ta dawo kafin kai ka dawo. Ranar da suka ji ka tsaya an yi maka faɗa ba ka ambaci sunan kowa ba, ranar za ka fara samun mutane.

Mai Zare, Ƙofar Kuyambana:
Ni ban yi boko mai nisa ba, ɗinkin babbar riga na gada, ina da yara 14 a shago. Amma maganar Saje ta taɓa ni, don ciwon da na yi fama da shi ke nan. Shekaru ina hana yara taɓa wuyan riga da aljihu, sai dai su yi ƙananan wurare, saboda ina ganin babu mai fitar da aska kamar ni. Gaskiya ne kuma, babu. Amma duk sallah sai in kwana uku ban runtsa ba, masu kaya na zagina, yaran kuma da sun ɗan iya sai su gudu, don sun ga ba za su taɓa ƙwarewa a hannuna ba. Mahaifiyata ce, Allah Ya jiƙanta, ta ce mini: kai ma wani ne ya bari ka ɓata masa shadda kafin ka iya.

Daga nan na sauya. Ina ba yaro aikin da ya ɗan fi ƙarfinsa kaɗan, a kan yadi mai sauƙin kuɗi, in zana masa, in bar shi. In ya ɓata ba na karɓa in gyara da kaina, sai in sa shi ya farke ya sake, ina gefe. Yana cin lokaci, ranka yana ɓaci, wani lokaci hannunka har ƙaiƙayi yake yi ka fizge allurar. Daurewar nan ita ce aikin. Yau akwai huɗu a cikinsu da in suka gama riga ba ka bambance ta da tawa.

Ku dubi tsohon Masallacin Juma'a na cikin gari da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarki Abdulkarimu, kusan shekara 190 ke nan. Sunansa ake kira har gobe. Amma akwai mai hankalin da zai ce shi kaɗai ya kwaɓa ƙasar, ya yi tubalin, ya ɗauko azarar? Gwanintarsa ta haɗa da sanin wa zai sa a ina.

Baban Hanif, an ba ka muƙamin ne don ka iya aikin sito. Amma aikin da aka ba ka yanzu ba aikin sito ba ne, aikin mutane ne. Sabon koyo ne, kamar ranar da ka fara zuwa.

'Yar Kongo:
Ina bin maganar nan da kyau domin ni ma bana na gama bautar ƙasa na fara aiki. Tambayata ga manya: kwasa-kwasan shugabanci da ake tallatawa a intanet, wasu kyauta wasu da kuɗi, har da satifiket, suna da amfani ko ɓata data ne? Sannan na ga Kwalejin Barewa kaɗai ta fitar da Tafawa Ɓalewa da Gowon da Murtala da Shagari da 'Yar'aduwa. Ba wannan ke nuna makaranta ce ke yin shugaba ba?

Tsohon Akawu, Gyallesu:
'Yata, tambaya mai kyau. Barewa a Katsina aka kafa ta a 1921, sai 1949 ta tare a Zariya, kuma gaskiya ne ta fitar da waɗanda kika lissafa. Amma dubbai sun bi ta cikinta, ba duka suka iya riƙe ko da mutum biyar ba. Abin da irin waɗannan makarantu suka yi shi ne ɗora wa yaro nauyi tun yana ƙarami: ga ɗakin kwana ka kula da shi, ga ƙannenka ka tashe su, in an samu datti kai za a tambaya. Karatun aji yana ba ki sunan abin, ɗaukar nauyi ke ba ki abin kansa.

Ki yi kwas ɗin in kin samu, musamman abin da ya shafi rubuta rahoto, tsara lokaci, gudanar da taro da karanta lissafin kuɗi, don waɗannan ba a tsintarsu a hanya. Amma duk abin da kika karanta da dare, ki nemi inda za ki gwada shi da safe. In an ce wa zai rubuta bayanin taro, ɗaga hannu. In an ce wa zai kula da sababbin da aka ɗauka, ɗaga hannu. Sannan ki zaɓi mutum ɗaya a wurin aikinku da kike ganin mutane na bin sa ba don tsoro ba, ki riƙa lura da yadda yake magana idan abu ya ɓaci. Ni a wurin wani shugabana na koyi cewa ba a cike wa ma'aikaci fom ɗin tantance aikin shekara da abin da bai taɓa ji daga bakinka ba. In yana da aibi, ya ji shi a watan Maris, kada ya tsince shi a takarda a watan Disamba.

Malam, Limancin Kona:
Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na ji daɗin wannan zama. Zan ƙara kaɗan ta fuskar addini, don Baban Hanif ya samu natsuwa. Ka ce ba ka nema ba, an ba ka. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce wa Abdurrahman ɗan Samura kada ya roƙi shugabanci, domin in an ba shi saboda roƙo za a bar shi da shi, in kuwa an ba shi ba tare da roƙo ba za a taimake shi a kai. To kana cikin waɗanda aka yi wa alkawarin taimako. Batun shekaru kuma, Usama ɗan Zaidu yana saurayi aka ba shi jagorancin rundunar da manyan sahabbai ke ciki.

Gardamar Ɗan Samaru da Maman Sadiq kuwa, aya ta 159 a Suratu Ali Imrana ta haɗa su. An ce wa Annabi da ya kasance mai kaushi, mai ƙeƙasasshiyar zuciya, da sun watse daga gare shi. Aka umarce shi ya yafe musu, ya nema musu gafara, ya yi shawara da su. Sannan aka ce idan ya ƙudura niyya ya dogara ga Allah. Ku lura da jerin: taushi, shawara, sannan yanke magana. Shawara da mutane ake yi, amma yankewa ta shugaba ce, kuma in ya yanke ba ya ta jujjuyawa don wani ya ɓata fuska. Mu kan ɗauki rabi mu bar rabi. Wani ya ɗauki taushin har ya kasa cewa a'a, wani ya ɗauki yankewar har ba ya jin kowa.

Abu na ƙarshe, ɗana: kayan sito amana ce, mutanen ma amana ce. Hakkin mai kamfani ne kada ka rufe ido a kan makara don kunya, hakkin Baba ne kada ka kunyata shi a gaban yaran da ya girma.

Maman Sadiq, Hanwa:
Allah Ya saka da alheri Malam. 'Yar Kongo, ke kuma ki shirya, don namu na mata ya ninka. Namiji in ya tsare gida a ce jarumi ne, mace in ta yi a ce ta cika masifa, in ta yi laushi a ce daman mace ce. A garin nan Hajiya Gambo Sawaba ta jagoranci matan jam'iyyar NEPU, ta sha ɗauri ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, yau ga babban asibiti a Ƙofar Gayan da sunanta. Abin da ya taimake ni shi ne jadawalin aiki. Na lura duk rigimar ɗakinmu daga nan take tashi: wa aka ba dare, wa aka ba ranar sallah. Sai na fara da kaina, na ɗauki daren sallah a shekarar farko, na liƙa jadawalin a bango kowa na gani, ba a sauya shi a ɓoye. Ba su so ni a rana ɗaya ba, amma sun daina cewa ina da 'yan lele.

Ɗan Samaru:
Na ji, kuma na ƙaru. Amma ina nan a kan bakata cewa ranar takarda za ta zo. Baban Hanif, ka dawo ka ba mu labari.

Baban Hanif, Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Ku yi haƙuri da shiruna na kwana tara, aiki ne ya yi yawa. Na je gidan Baba ranar Juma'a da dare kamar yadda Baba Akawu ya ce. Ba zan ce muku mun rungumi juna ba. Ya bar ni na gama maganata, ya yi shiru har na fara tunanin tashi, sannan ya ce abin da ya fi yi masa ciwo shi ne a bakin direba ya ji labarin ƙarin girmana, alhali muna wuni tare. Ya ce ya san ba zai iya kwamfuta ba, bai kuma sa rai sosai ba, amma ya zaci zan zo. Ban sami abin cewa ba sai haƙuri.

Da zan tafi sai ya ce, buhunan nan huɗu ba sace su aka yi ba. Sun fashe ne wajen saukewa, 'yan dako suka jingine su bayan ƙofa, aka share takin aka zuba a wasu buhuna, ba a shigar da su kati ba saboda ba su cika awo ba. Na ce Baba ka sani ka bari aka yi mini faɗa? Ya ce ba ka tambaye ni ba. Da safe na je na same su a inda ya ce. Na kai wa manaja bayani, na ce Baba ne ya gano, na kuma roƙi a buɗe kati na daban don fasassun buhuna, a sa shi ya riƙe. An yarda.

Na yi taron safe kamar yadda Yallaɓai Saje ya ce, na raba aiki, na faɗi lokacin zuwa. Baba har yanzu bai cika zuwa a kan lokaci ba, amma ya rage, kuma jiya da kansa ya ce mini zai makara yau saboda jana'iza. Ɗan Samaru, ranar takardar ta zo, sai dai ba a kan wanda ka zata ba. Ɗaya daga cikin abokan nawa ne ya bar ƙofar sito ana tsakiyar lodi ya tafi cin abinci, bayan na yi masa magana mu biyu har sau biyu. Na rubuta masa. Kwana uku ke nan ba ya amsa gaisuwata, kuma unguwarmu ɗaya, masallacinmu ɗaya. Wannan ya fi na Baba yi mini nauyi, ban ɓoye muku ba.

Tsohon Saje, Sabon Gari:
Ka ci gaba da gaishe shi kullum, kai za ka fara. Kada ka janye takardar, kada kuma ka sake tayar da maganar. In ya yi aiki mai kyau a makon nan, ka faɗa a taron safe kamar yadda za ka faɗa wa kowa.

Mai Zare, Ƙofar Kuyambana:
Lissafin kwamfutar fa? Har yanzu kai kaɗai ke shigarwa?

Baban Hanif, Tudun Wada:
Har yanzu ni ne, Alhaji. Amma akwai wani yaro mai natsuwa a cikinsu, na fara zaunar da shi kusa da ni bayan la'asar. Jiya ya shigar da takin NPK a gurbin na yuriya, na sa shi ya goge ya sake. Bari in je, mota ta iso daga Kaduna, Baba na bakin ƙofa da kati.